Ƙafar Iliyasu Tela

Duk wanda ya kai ɗinki babbar kasuwar Garwa zamanin Shugaba Ahijo ya san Iliyasu Tela. Shekara ashirin yana taka keke, ƙafa ba ta hutawa, baki ma haka. Mutum ne mai tsiya, in ka kawo masa yadi mai araha sai ya tambaye ka ko labule kake so.

Ciwon da ƙishirwa ya fara masa. Ya shanye kwanon ruwa, ya tashi ya zagaya, ya dawo ya ƙara. Ya rame har wando na zame masa. Sau huɗu cikin shekara biyu ya je wani ɗakin shan magani. Likitan ɗan kudu ne, Faransanci kaɗai yake ji, tafintansa kuwa Jibril, mijin Lauratu 'yar Iliyasu. Ka ji tashin hankali! Haka Iliyasu ya danne kunya, ya sunkuyar da kai gaban surukinsa ya faɗi komai, har da tururuwan da ke taruwa inda ya yi fitsari. Kowane zuwa, ƙwayar zazzaɓi ake miƙa masa.

Sai allura ta soke shi a tafin ƙafa, wurin ya ruɓe. A babban asibiti aka auna jininsa, aka ce ciwon sukari ne, ya daɗe yana cinsa. Aka yanke ƙafar daga gwiwa.

A zamanin nan kai ƙarar ma'aikacin gwamnati ba wasa ba ne, maƙwabta har roƙonsa suka yi ya bari. Ina! Ya dogara sanda zuwa wurin mai rubuta takardu a bakin kotu, ya shigar da ƙara. So yake likitan ɗakin shan maganin ya amsa cewa an gaya masa ya yi sakaci, a biya shi diyya ya sayi ƙafar katako ya koma sana'a. Likita ya rantse babu wanda ya taɓa yi masa maganar fitsari ko ƙishirwa. Iliyasu ya kira shi maƙaryaci gaban jama'a. Alƙali ya ce ranar Litinin a zo da tafinta.

Ranar Asabar bayan la'asar Jibril ya zo, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Baba, likita bai yi ƙarya ba. Ban faɗa masa ba. Maganar fitsarinka ce, ga ka zaune, bakina ya kasa. Na ce zazzaɓi ne da kasala."

Iliyasu ya ji kamar yanzu ake yanke ƙafar. Wallahi ya so ya rafka masa sandar. Amma ya san in maganar nan ta shiga kotu, korar Jibril za a yi, wataƙila har ɗauri, ga Lauratu da cikin wata bakwai.

Ranar Litinin ya ce wa alƙali ya janye, ya bar wa Allah. Garwa ta ɗauka, ana ta yabon haƙurinsa, shi kuwa baƙin ciki kamar ya kashe shi. Bai gaya wa kowa ba, har Lauratu.

Da ta haihu namiji, ta zo da murna ta ce wa mahaifinta sunansa za a sa wa yaron, Jibril ne ma ya nace. Iliyasu ya ce mata a nemi wani sunan.