Sai Mun Kai Sawakin

Haladu mai gyaran mukayyif a unguwar Sultana ba mutum ne mai bin diddigin magana ba. Kawo masa na'urar sanyaya ɗaki da ta mutu, kafin shayinka ya huce ya gano ciwonta. Amma magana, yadda ya tsince ta a bakin iyayensa haka yake miƙa ta. A Madina aka haife shi, a unguwar Bani Harisa ya tashi, bai taɓa taka Kano ba, ko da yake in ransa ya ɓaci zagin Kanawa ne ke fita daga bakinsa tsaf.

'Yarsa Suhaila ce ta jawo masa ciwon kai. Turanci take karanta a jami'a, aka ɗora musu darasin asalin maganganun Turawa, kullum kan abincin rana sai ta zo da sabuwa. Wai in Bature ya ce an binne gatari, sulhu aka yi, don mutanen Amurka na asali in sun bar yaƙi sukan binne makamansu. Wai in ya kira abu farar giwa, kaya ne mai wahalar riƙo ba amfani, don an ce wani sarkin gabas yakan ba wanda yake jin haushi irin giwar nan, ciyarwa ta karya shi. Haladu sai ya riƙe loma yana kallonta. Shi abin da ya ɗaure masa kai, wa ya tsuguna a bakin ramin yana rubutawa? Kuma ina ruwan mai faci a Landan da giwa?

Duk bayanin nan da Larabci take yi. Tana jin Hausa sarai, amma tun tana firamare ba ta mayar masa da ita. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya haƙura, abin dai yana cinsa a rai.

Ran nan ta tambaye shi yaushe zai gyara mukayyif ɗin ɗakinta, ya ce, "Sai mun kai Sawakin." Haka ake faɗa a gidansu kan duk abin da ba yanzu ba. Yarinya ta ajiye cokali, ta maimaita maganar a hankali, da Hausa, sannan ta koma Larabcinta. Ta ce malamarsu ta sa kowa ya kawo magana ɗaya daga gidansu tare da asalinta. In ya samo mata asalin wannan, ita za ta kai, ta faɗe ta a gaban aji. In bai samo ba, ta ɗauki ta Larabci kamar kowa.

Shekara hamsin da ɗoriya Haladu na faɗar abu, ashe bai ma san mene ne Sawakin ɗin ba. Ga shi yau ne farkon ranar da yarinyar nan ta nemi wani abu na Hausa a hannunsa. In ya dawo hannu biyu, ya san ba za ta sake tambaya ba.

Ya fara da Malam Abdulazeez, Bakano mai ba da magani a kantin da ke maƙwabtaka da shagonsa. Mutumin ya yi dariya, ya ce shi kam duk yawonsa a Kano bai taɓa jin ta ba, wannan Hausar ku ce ta nan. Haladu ya fito yana tsaki. To in ba ta Kano ba ce, ta ina ce? Sa'id maƙwabcinsa, wanda kakanninsa ta Chadi suka biyo, ya rantse Sawakin wani falke ne mai yawan alkawari. Matar Sa'id ta leƙo ta ce ƙarya yake, gari ne a bakin teku a Sudan inda alhazan ƙafa ke shiga jirgin ruwa. Suka kaure da gardama, Haladu ya sulale kansa na juyawa.

Saura mutum ɗaya, Gwaggo Kaltume, yayar mahaifinsa, can unguwar Ƙiblatain. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa, tana 'yar ƙarama. Tsufa ya cimma ta, yau ta gane ka, gobe ta tambaye ka ɗan wane ne. Ya same ta bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ta, ta kira shi da sunan ubansa, ya amsa. Ya kewaya ya kewaya ya kawo maganar. Da fari ta ce ai waƙa ce. Can ta ce a'a, sunan rijiya ne. Har ya fara neman takalmansa sai ya ji muryarta ta sauya.

Ta ce lokacin da suke hanya ita da ubansa suna da ƙani, ɗan mitsitsi, ƙafarsa duk ta tsage, kullum kuka yake a saya masa takalmi. Innarsu ba ta da abin ba shi sai wannan magana. Ya nemi goyo, sai mun kai Sawakin. Ya nemi nono, sai mun kai Sawakin. Har manyan ayari suka ɗauka suna zolayar juna da ita.

"To an saya masa, Gwaggo?"

"Bai kai ba."

Haladu ya tuƙo motarsa gida. Abin da yake faɗa wa 'ya'yansa yana dariya ke nan, kuma ubansa bai taɓa ce masa an yi wani yaro ba. Ya rasa ma ko gaskiya ce ko ruɗin tsufa. Haka nan ya zaunar da Suhaila ya ba ta labarin. Idonta ya kawo ruwa, ta tambayi sunan yaron. Ka ji fa, Haladu bai tambaya ba.

Washegari suka koma tare. Gwaggo na zaune tana jan carbi, fuskarta a sake. Haladu zai yi magana Suhaila ta riga shi. Ta durƙusa, ta kama hannun tsohuwar, ta haɗo kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Hajiya, yaron nan da bai kai Sawakin ba, me sunanshi?"

Murna ta taso wa Haladu, tsoro ya danne ta, ya kasa tantance wanne ya fi. Gwaggo ta shafa fuskar yarinyar, ta yaba Hausarta, ta tambayi ko 'yar wace ce. Sannan ta juyo ta dubi Haladu.

"Wane yaro?"