Gidan Sauron Da Muka Kai Bakin Teku

Mun tashi da asuba daga Makera ta Kaduna, ni da goggona mai sayar da busasshen kifi. Ta daɗe ana aiko mata da kaya daga wani ƙauyen masunta a Akwa Ibom, amma matar da ke yi mata bandar kifin a waya kawai suka san juna. Bana Goggo ta ce za ta je da ƙafarta, ta ɗauke ni saboda na fi ta jin Turanci. Tsarabarta gidan sauro ne, ƙulli guda, don matar ta taɓa ce mata zazzaɓi ya addabi 'ya'yanta.

Kuɗin mota ya kusa sa Goggo ta fasa tafiyar. A Lokoja muka ci shinkafa da miya, kifin da ke ciki sai ka sa tabarau kafin ka gan shi. Daga nan ƙasa ta koma kore shar, bishiyar kwakwar manja ko'ina, ramukan hanya kuwa direba ya haddace su kamar karatu. Sai washegari da hantsi muka isa.

Ni da ban san ruwan da ya wuce kogin Kaduna daga kan gada ba, da na ga teku sai na tsaya cak. Ba ka hango ɗaya gaɓar, kuma rurinsa ba ya tsayawa. Matar, wadda kowa ke kira Mama, ta rungume Goggo tana dariya. Na tambaye ta dalilin da rabin kwale-kwalen ke kife a kan yashi. Ta ce kifi ya ragu, shi ya sa suka raba kwana: unguwa ɗaya ta fita yau, ɗayar gobe. Kuma duk ragar da yatsu biyu ba su shiga idonta ba, an hana ta.

Nan Goggo, don murna, ta kwance ƙullin a gaban mutane. Fuskar Mama ta canza. "Rufe, rufe," ta ce a hankali. Amma an riga an gani.

Kafin in ankara maza sun kewaye mu. Wani ya ɗaga gidan sauro ɗaya sama yana magana da ƙarfi cikin yarensu, wani ya riƙe jakata. Gabanmu mutane, bayanmu ruwa.

"Ke, me suke cewa?" in ji Goggo.

"Wallahi ban sani ba, Goggo, ba Turanci ba ne."

Haka aka tasa mu gaba zuwa rumfar shugaban masunta. Ba wanda ya doke mu, amma ba na jin komai sai numfashina. Shugaban tsoho ne, yana zaune yana ɗinkin raga. Ya sa aka kawo wani kwano, cike da 'yan kifaye da ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Ya ce min da Turancin buroka, abin da gidan sauro ke kwasowa ke nan in an ja shi a ruwa, kifin baɗi da na baɗin waccan. Kuma an taɓa kama mijin Mama yana jan gidan sauro a ruwa.

Na ba shi labarin zazzaɓin yaran.

"Na yarda da ke, 'yata," ya ce. "Amma gidan wa za a kai su?"

Ya yanke cewa a miƙa kayan ga asibitin ƙauyen, kwale-kwalen mijin Mama kuma ba zai taɓa ruwa ba sai bayan wata guda. Goggo ta durƙusa. "Baba, laifina ne, ni za a hukunta." Na fassara. Ya girgiza kai. "In na ɗaga masa, gobe kowa zai yi baƙuwa daga Arewa."

Mama ba ta yi kuka ba. Ta kai mu gida, ta zuba mana teba da miyar ganye mai kifi manya-manya, irin wanda ban taɓa gani a Kaduna ba. Loma biyu na iya haɗiyewa. Mijinta yana zaune a ƙofa, ya gaishe mu. Gaisuwar tasa ta fi ihun bakin ruwa tsorata ni.

A hanyar dawowa Goggo ba ta yi ciniki da kowa ba, abin da ban taɓa gani ba. Mun sauka Makera lafiya, 'yan gida suna ta tambayar yadda teku take, na rasa ta inda zan fara. Abin da na koya shi ne, in za ka garin mutane, ka tambayi dokarsu tun kafin ka ɗaure tsaraba, don kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mai masauki hukunci. Jiya Goggo ta kira Mama. Yaran sun warke. Kwale-kwalen yana nan a kife, saura mako biyu.