Baƙin Layin da Ke Cikin Kofin Sidi

Ranar biyu ga watan Zulhajji, shekarar da na shiga aji huɗu, da hantsi, aka ƙwace mini aikina a ƙofar gidanmu da ke unguwar Jarwal a Makka. Na fito da gudu, hannuna da sauran man wake, don na ji Sidi ya yi gyaran murya, alamar ya zauna a bencinsa kusa da randa. Sidi shi ne kakanmu na wajen uba, haka yaran Makka ke kiran kaka, mu ma haka muka tashi muna kiransa. Lungunmu ya riga ya cika da alhazai masu gangarawa Harami, wasu da lema, wasu sun ɗora darduma a ka saboda rana. Ina isa sai na tarar da Zuwaira, 'yar goggona, tsaye a wurina da moɗa a hannu, tana zuba ruwa cikin kofin Sidi, shi kuma yana dariya har wawulonsa ya fito. Shekara uku ina wannan aiki! Ita kuwa kwananta goma sha biyu a garin, ko hanyar kantin unguwa ba ta gama sani ba. Na tsaya ina jiran ya ce ta ba ni moɗar. Bai ce ba, sai ma ya ce in shiga in ɗauko mata kujera.

Bari in faɗi yadda aikin yake, don a san abin da na rasa. Duk shekara, da alhazai sun fara sauka, Sidi yakan sa a fito da randarsa ƙofar gida, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, ya zauna yana shayar da masu wucewa. Babana ya sha sayo masa kula da kofunan roba, ya ce a kai cikin gida. Kofi ɗaya yake yarda da shi, wani tsohon kofin ƙarfe irin na soja, lotsattse, an ɗaure hannunsa da waya. A cikinsa, ƙasa da rabi, akwai wani baƙin layi mai ɗan tudu da ya zagaye shi. Idon Sidi ya riga ya yi rauni, saboda haka sai ya wanke hannu tas, ya ɗora babban yatsansa a kan layin, ni kuma in riƙa zubawa a hankali. Da ruwa ya taɓa yatsan sai ya ce, "Ƙara." In ƙara har kofin ya cika, in miƙa wa alhaji, in ɗauraye, mu sake. Ni na ɗauka tsufa ne kawai, layin kuma tsatsa ce da ba a samu mai wanke ta ba. Abin da na sani game da kofin bai wuce cewa Sidi ya yi soja ba, kuma daga hannun wani Bature ya fito.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma duk jikokin gidan sun san ni ce ta gaban goshi. Ni nake sayo masa burodin tamis da zafinsa bayan asuba, ni nake nemo masa carbi in ya ɓace a cikin shimfiɗa, ni yake ɓoye wa dabino a aljihu. Sai dai akwai wani rami tsakaninmu da ban lura da shi ba. Ni a makaranta Larabci, a lungu Larabci, har mafarki da Larabci nake yi. Hausata ta aike ce: zo, tafi, ɗauko, ajiye, kin ci abinci? Shi kuma Larabcinsa na kasuwa ne da masallaci, shekara da shekaru a Makka bai hana harshensa komawa Damagaram ba. In ya fara dogon zance nakan kama kai in rasa wutsiya, in ce "Tayyib, ya Sidi," wato to, in ruga sama wurin wasa. Lokacin aikin Hajji a saman soro muke zama gaba ɗaya, don ana ba alhazai ɗakunan ƙasa, kuma can muke shanya, can muke tsince shinkafa, can muke zana 'yar gala-gala da gawayi.

Sai ga Goggo Hajara, ƙanwar babana da aka aurar can gida Damagaram tun kafin a haife ni, ta zo sauke farali da 'yarta. Zuwaira ta girme ni da shekara ɗaya, siririya, ga kitso ƙanana, ga zanen atamfa. Ranar da suka iso ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Kaka, mun same ku lafiya?" Wallahi na ga fuskar tsohon nan ta canja. Ba wanda ya taɓa ce masa Kaka a gidan. Ya shiga tambayarta rijiyoyi da bishiyoyi da mutanen da suka mutu tun tuni, tana ba shi amsa, in ta yi wata magana ya ƙyalƙyale har da tari. Ni ban taɓa sa shi dariya irin wannan ba. Bayan la'asar sukan zauna a inuwar tankin ruwa, shi yana magana ƙasa-ƙasa da kofin a cinyarsa, ita ta zuba tagumi. Sau biyu ya kira ni, "Uwata, zo ki ji." Na ce ina da karatu, alhali makaranta tana hutu. In zauna a gefenta ina tambayar ma'anar kowace kalma, tana fassara mini kakana? Allah ya kiyaye.

Na rama yadda yaro ke ramawa. Na hana ƙawayena sa ta a wasa. In ta yi ƙoƙarin Larabci sai mu kwaikwaye ta mu tuntsire. Na ɓoye mata takalmi a bayan tanki, ta yini tana nema a kan siminti mai zafi. Abin haushin shi ne ba ta taɓa kai ƙarata ba, sai dai ta dube ni ta ce, "Hadiza ke nan." Wannan haƙuri nata ya fi duka ciwo, don har Ummi, mahaifiyata, ta fara cewa in yi koyi da ita.

Dabara ta zo mini ranar Arfa. Duk wanda ya tashi a Makka ya san yadda gari ke zama ranar nan: lungu fayau, kantuna a rufe, sai kyanwoyi da tattabaru. Goggo da Zuwaira suna can cikin alhazai, maza sun tafi aiki a Mina, Ummi da matan unguwa sun shirya za su Harami tunda ranar ce ake samun fili. Na ce kaina yana ciwo, aka bar ni da Sidi, wanda ke azumi, ya kuma kishingiɗa bayan azahar. Na lallaɓa na ciro kofin daga jakar da yake rataye ta a ƙusa. A raina na ce, ita ta iya surutu, to ni na iya aiki, kwana nawa tana riƙe kofin nan ba ta ga dattin da ke ciki ba? Na hau sama da soson ƙarfe da toka da ɓarin lemun tsami. Layin nan ya yi taurin kai, sai da na haɗa da bakin cokali ina kankara, yana fita ɓaro-ɓaro kamar ƙanzon tukunya. Yatsuna suka yi ja, gumi ya jiƙa mini riga, amma kafin la'asar kofi ya fito fes, har ina ganin hancina a gindinsa. Na mayar da shi jaka ina jin kaina a sama.

Kwana huɗu na yi ina jira. Ranar da alhazai suka dawo daga Mina, lungu ya sake cika, aka fito da randa. Na riga Zuwaira zuwa, na ɗauki moɗa na riƙe gam, ita kuwa ta tsaya gefe da gajiyarta. Sidi ya wanke hannu, ya ciro kofin, ya sa yatsa. Na ga yatsan ya zagaya sau ɗaya, ya sauka ƙasa, ya hau sama, ya sake zagayawa. Wani tsohon alhaji yana tsaye yana jira, sai na fara zubawa. Ruwa ya wuce rabi, Sidi bai ce komai ba. Ya kai baki, ya malalo a kan hannunsa da rigarsa, har ya jiƙa masa ƙafa, bai ce ƙara ba, bai ce ya isa ba. Can ya tambaya wa ya wanke kofin. Na ce, "Ni ce, ya Sidi," da ƙarfi don Zuwaira ta ji. Sai na ga ta dafe baki da hannu biyu. Sidi kuwa ya ce, "Sannu da aiki, Uwata." Ya miƙa wa alhajin ruwan da kansa, ya laluba sandarsa ya shiga gida tun rana ba ta yi tsaka ba.

A kan matakala Zuwaira ta same ni, ta zauna a ƙasa da ni, ta ba ni labarin a hankali, da Hausa mai sauƙi, tana maimaita abin da ban gane ba. Lokacin babban yaƙin Turawa, Faransawa sun ɗebi Sidi soja yana saurayi. A shekarun nan ba sa ga maciji da Ingila, sai aka tura shi gadin wasu sojojin Ingila da aka kama, a wani sansani cikin rairayi, can nesa da gida. Mutanen sun rame, rana ta sale musu fata, wasu ko takalmi babu. A bayan jakuna ake kawo ruwa cikin salka, saboda haka sajan sansanin ya sa aka ja layi da baƙin fenti a cikin kofin kowane fursuna, iyakar rabonsa ke nan safe da yamma, kuma duk mai gadin da ya wuce layi zai sha bulala. Sidi ne mai zubawa. A cikin fursunonin akwai wani matashi da Sidi ya kasa faɗin sunansa, yake ce masa Dogo. Ya taɓa ɗinke wa Sidi takalmi, ya nuna masa hoton uwarsa, Sidi kuma ya koya masa 'yan kalmomin Hausa. Zazzaɓi ya kama Dogo. Wata yamma ya shanye rabonsa, ya sake miƙo kofin, ya ce, "Ƙara." Sajan yana tsaye yana kallo. Sidi ya kawar da kai ya wuce wurin na gaba. Da safe aka tarar Dogo ya cika, kuma Sidi yana cikin waɗanda suka haƙa masa kabari. Kofin Dogo ne Sidi ya ɗauka, da shi ya taka ƙasa har Makka bayan an sallame shi. Zuwaira ta ce ya gaya mata ya san ruwan ba zai hana ajali ba, amma mutum ya roƙe shi da harshen da shi ya koya masa, ya hana shi.

Na yi kuka, amma ba zan yi ƙarya ba, rabin kukan na Sidi ne, rabi na baƙin cikin cewa daga bakinta na ji. Sidi bai taɓa yi mini faɗa ba. Ya ci gaba da ɓoye mini dabino, ya ma mayar mini da moɗa, sai dai da kofin roba muka ƙarasa shekarar. Ranar da su Goggo za su koma, ya kira Zuwaira ya sa mata jakar kofin a hannu, a gabana. Na fashe da kuka na ce ni ce na yi masa hidima shekara uku. Ya jawo ni jikinsa ya ce, "Uwata, kofin da ba layi, sai a hannun wanda ya san inda layin yake." Bai ga wani aikin Hajjin ba.

Yau inda gidanmu yake wani dogon otal ne, ban ma iya nuna daidai wurin da randar take zama ba. Ina zaune a unguwar Shisha da 'ya'yana, in alhazai sun zo muna raba musu ruwan gora mai sanyi daga bayan mota, ba wanda ya tsaya, ba wanda ya ce ƙara. Hausar da nake rubutu da ita kishi ne ya koya mini, don na bi Ummi da tsofaffin unguwa na naƙalce ta tsaf, bayan wanda nake son ji daga bakinsa ya tafi. Muna gaisawa da Zuwaira ta waya, mun zama aminai, takan turo mini hoton kofin a hannun jikokinta can Damagaram, duk sun san Dogo. Ina ce mata masha Allah, kuma har ga Allah kishin bai sake ni ba. Har yanzu in na ɗauki kofi zan zuba wa baƙo ruwa, sai in ji babban yatsana yana lalube a ciki, yana neman abin da ni da hannuna na kankare.