Rumbun Firinta da Ruwan Shuka

Na koyar da tarihi har furfura ta kama ni, kuma abin da na tsinta a cikinsa bai wuce magana ɗaya ba: duk ci gaban da ɗan Adam ya samu, tun daga gina ganuwar Alkalawa har zuwa harba tauraro sama, neman wanda zai yi jira a madadinsa yake yi. Sarki ya naɗa dogari don kada ya tsaya bakin ƙofa da kansa. Manomi ya kafa mutum-mutumi a gona don ya samu zuwa kasuwa. Wannan ra'ayi ban karanta shi a littafin kowa ba. Na same shi ne a siton makarantar sakandaren da nake koyarwa a Isa, ƙarƙashin karyayyun kujeru, a cikin wani akwatin ƙarfe da bai fi ƙamus girma ba.

Akawun makarantarmu taubashina ne, ɗan kawuna. Ni mutumin Sabon Birni ne, shi kuwa gidansa da gonarsa suna Kamarawa. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba, kuma aikin gwamnati bai gyara mu ba. Shi ke buga tambayoyin jarrabawa. Kayan aikinsa biyu ne: kwamfuta ƙarama irin ta ninkewa, wadda ita kaɗai makaranta ta mallaka, da wata tsohuwar firinta mai allura da ribon, wato ƙyallen tawada, wadda ke jan takarda mai huji-huji a gefe tana kuka kamar gyare ya shiga lasifika. Wuta daga batirin sola take zuwa. Firintar ba ta gajiya, amma ba ta sauri, kuma ba ta iya riƙe komai a kanta. Sai kwamfuta ta zauna tana ba ta layi-layi, kamar mai yi wa tsoho karatun jarida.

Shugaban makaranta kuma yana da doka: kwamfuta ba ta zama ita kaɗai. Wanda ya karɓe ta shi ke tsaronta har ya mayar hannu da hannu, a kulle ta a kabad. Firinta ba wanda ya damu da ita, don ko ɓarawo yana da girman kai. Saboda haka firinta na jiran kwamfuta, kwamfuta na jiran firinta, taubashina na jiran su duka.

Da rani wannan ba komai ba ne, ya kan jingina da bango ya yi gyangyaɗi. Matsalar ita ce gwajin tsakiyar zangon ƙarshe yana faɗowa daidai lokacin ruwan shuka. Damina ta baya, ranar da aka yi ruwan farko mai kyau, yana zaune gaban firinta har motar Kamarawa ta tashi ta bar shi. Kafin ya isa washegari ƙasa ta fara shan iska. Geronsa ya fito a bayan na kowa, kuma har aka yi girbi mutanen garinsu suna tambayarsa ko takarda ya shuka. Na ce wa shugaba in zauna a madadin taubashina in irin haka ta sake faruwa, ya ce wanda ya sa hannu shi ke tsaro, ni kuma ina da aji.

Akwatin da na tsinta yana da baki biyu masu faɗi a baya, irin bakin wayar firintar, da maɓallai ƙalilan a gaba. Ya zo ne tare da firintar cikin kayan da aka taɓa ba makarantar kyauta tun kafin zuwana, ba wanda ya san amfaninsa, sai aka girmama shi da mantuwa. Na karanta rubutun da ke ƙarƙashinsa. Masu shi suna kiransa bafa, aikinsa kuma shi ne ya tsaya tsakanin kwamfuta da firinta, ya haɗiye aikin gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, ya sallami kwamfuta, sa'an nan ya riƙa ɗura wa firinta a hankali.

Na kai wa taubashina. Ya juya shi, ya shinshina.

"Malam, mi na wanga? Tarkon ɓera?"

"Rumbu ne. Ka zuba aiki ciki, ka tahi gona, shi ya riƙa aunawa."

"Kai da ko hartanya ba ka iya riƙo ba, kai za ka koya man rumbu?"

"Ni dai ban taɓa shuka takarda ba."

Daga ranar sunansa ya zama rumbu.

Da muka kwance murfin, mun tarar akwai wanda ya riga mu gane amfaninsa. Zanzaro ya gina gida mai ɗakuna a kusurwa, gini mai kyau, wanda ya fi ginin ajinmu na baya ƙarko. Na rushe shi da tsinken tsintsiya ina ba shi haƙuri. Ƙananan ƙwaƙwalen da ke jere a kan allon cikinsa na zare su ɗaya-ɗaya da bakin cokali, na goge ƙafafunsu da robar goge fensir har suka yi haske, na mayar. Abin da ya fi ƙarfina shi ne wasu 'yan gwangwanaye biyu da suka kumbura kamar ƙosai, da kuma abin ba shi wuta, wanda ya ɓace. Ranar kasuwar Isa na kai shi wurin wani mai gyaran rediyo. Ya ciro irin gwangwanayen daga cikin gawar wata rediyo, ya liƙa su da dalma, ya nemo mana caja mai ƙarfin da aka rubuta a jikin akwatin. Ya tambaye ni wace tasha yake kamawa. Na ce ba ya magana, jira kawai yake yi. Ya ce to lallai na gwamnati ne.

Fitilarsa ta kama, ja, ƙarama kamar idon zakara. Muka haɗa, muka tura aiki, shiru. Na yi bayani mai tsawo a kan tsufan na'ura da rashin haƙurin zamani, sai daga baya na lura na saka wayar shiga a bakin fita. Taubashina kuwa ya faɗa wa duk malaman makaranta kafin azahar. Da muka gyara, firinta ta motsa, amma ta buga mana wasu alamu da ba na Boko ba, ba na Ajami ba. Akwai 'yan maɓallai ƙanana a ƙasan akwatin da ake turawa da bakin biro. Muka yi ta juya su, yamma bayan yamma, muna shan shayi, har ranar da ta buga "Amsa tambaya uku kacal" da haruffan mutane. Ban tuna wani makon da na ji daɗin aiki kamar wannan ba.

Saura abu ɗaya. Cikin rumbun ƙarami ne. Tambarin makaranta, wanda shugaba ke so a saman kowace takarda, shi kaɗai yana cika shi. Na je na shawo kan shugaba da hujjar cewa manyan jarrabawowin duniya an san su da sauƙin ado. Ya yarda, ba don hujjata ba, sai don ribon ya daɗe. Da rubutu zalla, tambayoyin duka suka shiga, har da sauran wuri. Akwai kuma maɓallin maimaitawa: ka danna, ya sake bugawa, ya sake, har takarda ta ƙare.

Ranar ta zo kamar an shirya ta. Da hantsi hadari ya taso daga gabas, aka zuba ruwa a Isa har filin ƙwallo ya zama tafki. Ƙamshin ƙasa ya cika ofis. Taubashina ya kira gida, layi bai shiga ba, bai kuma tsaya sake gwadawa ba. Ya ɗora tulin takarda a bayan firinta, ya daidaita hujin a kan haƙoranta, ya tura aiki. Fitilar rumbu ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta tsaya, ya danna maɓallin maimaitawa. Ya dube ni.

"In zare?"

"Zare."

"In ta tsaya, kai za ni kai ƙara wurin kawu."

"Kawun nawa ubanka ne, ya san halinka. Zare."

Ya zare wayar. Firinta ta ci gaba da kukanta kamar ba abin da ya faru. Ya ninke kwamfuta, ya kai wa shugaba hannu da hannu, ya ɗauki buhun irin geronsa da ya ajiye bayan ƙofa tun farkon mako, ya ce, "Malam, yau kam ka yi rana, Allah shi gafarta maka sauran." Ya fita da gudu, riga a tattare, ya samu motar tana cika.

Na tsaya a taga bayan an kulle ofishin. Ɗaki babu kowa, takarda na fitowa tana ninke kanta a ƙasa, fitila ja na tsaye a kan aikinta. Na ji abin da nake zaton magina ganuwa sun ji ranar da suka ɗora tubali na ƙarshe. Na shiga aji na gaba na bar darasin ranar, na yi wa ɗalibai lacca a kan jira da 'yancin ɗan Adam. Washegari tambayoyi sun cika, ko layi ɗaya bai ɓata ba.

A Kamarawa ba a yi ruwa ba ranar.