Ƙorafin Ishaku a kan wa'azina

Da jaka ɗaya na shigo Manchester. Na yi gadi, na tuƙa bas, na sayi gida a Levenshulme, babu wanda ya tallafa min. Amma ɗana Ishaku ya gagare ni.

A gida mamansa take koyar da shi, a teburin falo, tunda tsuke bakin aljihun gwamnati ya ci laburaren unguwa. Karatun Littafi Mai Tsarki lafiya lau, amma da an ce ya yi rubutu sai ciwon ciki. Har ta ce in jami'ar council, wato ƙaramar hukuma, mai duba karatun yara ta zo ba ta ga rubutu ba, makaranta zai koma.

Ran nan a addu'ar safe, ina tsaka da bayani, ya ce, "Daddy, wa'azinka ya fi na Fasto tsawo."

Na ce, "A gidan nan ba a karɓar ƙorafi da baki. Rubuto."

Sai ga shafi biyu. Washegari ya ƙara, har da yadda shayi yake hucewa kafin in ce amin. Da jami'ar ta zo, ta karanta tana murmushi, ta ce a ci gaba da koyarwa.

Jiya a Birmingham aka karanta ƙorafin a taron iyalai masu koyarwa a gida. Aka yi ta dariya, aka tafa wa Ishaku, aka gode wa mamansa da Ruhu Mai Tsarki.

Ni fa? Dabarar tawa ce, wa'azin ma nawa ne. Jama'a, ku faɗi gaskiya. Duk inda labarin nan zai je, a rubuta sunana, Bulus Ɗanladi, a sama, da manyan baƙaƙe.