Ƙwal-ƙwal a Ƙarƙashin Motar Baba

Jiya da hantsi ina shanya kayan yarona a ƙofar gida, nan Romi, sai wata tsohuwar a-kori-kura ta shigo layinmu ɗauke da bulo. Direban ya rage gudu zai tsallake kwata, sai na ji wani abu a ƙarƙashinta ya ce ƙwal, ya sake cewa ƙwal. Ban san sanda na saki zanen goyo a ƙasa na dafe kunnena na hagu ba. Maƙwabciyata ta ce lafiya, na ce mata ƙuda ne. Ku dai zan gaya muku gaskiya. Karatuna bai wuce aji biyar na firamare ba, sai ku yi haƙuri da yadda maganar za ta fito.

A Makera na tashi, cikin gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Yawancin mazan gidan a masaƙa suke aiki. Jiniya ce ke fitar da su, ita ce ke dawo da su da auduga a gashin kai. Babana ban da shi. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa, ya dawo da abu biyu: rauni a cinya wanda ya hana shi durƙuso, da wata doguwar wuƙa irin wadda ake ɗaurawa a bakin bindiga. Da aka sallame shi ya sayi farar a-kori-kura, yana kwaso doya da masara da itace daga ƙauyuka zuwa kasuwar Kakuri. Kofur kowa ke ce masa, har limamin cocinmu.

Ni ce kunnen ɗakinmu. Tun ina ƙarama nake gane kukan motarsa a cikin sauran motoci, tun daga kwanar babban titi. In ya shigo da gudu yana hon, ranar lafiya ce. In kuwa na ji motar tana tafe a hankali, giya tana gurnani, sai in ruga wurin Mama in ce, “A hankali yake tafe.” Nan da nan za ta kawar da taɓarya da muciya daga inda hannu zai kai.

Daminar da nake ba ku labari, shekarata tara, Mama kuma tana da cikin ƙanena wata bakwai. Wata ranar Alhamis ta daɗe a wurin koyon waƙa na zumuntar mata, ruwan sama ya tsare su a coci. Ta dawo ta tarar da shi zaune a bakin gado da wuƙar a kan cinya. Bai tambaye ta komai ba. Ya haɗa ta da ƙyauren ɗaki, ya ɗaga, ita kuma ta tare da hannu. Ya yanke ta daga wuyan hannu har kusa da gwiwa. Ina tuna ƙarar ruwa a kan kwanon rufi, da yadda jinin ya ɗiga cikin kwanon tuwon da na ajiye masa, tuwon yana shanye shi. Maƙwabta sun leƙo daga ƙofofinsu. Ba wanda ke shiga ɗakin Kofur.

Ranar Lahadi bayan an taso sujada ya sha burukutu ya kwanta barcin rana. Mama ta zaro wuƙar daga ƙarƙashin katifa, ta naɗe ta cikin ɗankwalinta na zumunta, ta ɗaure da roba. Ta ce in tsaya a ƙofa, in ya motsa in yi tari. Motar tana fake a bayan gida, jikin katanga. Da cikin nan nata, da hannu a ɗaure, ta rarrafa ƙarƙashi ta tura ƙunshin a saman tayar safaya, wadda ke rataye a ƙasan bodi ta baya. Nufinta in ta samu sarari ta ɗauko ta kai kogi. Sararin bai samu ba, domin motar da asuba take fita, kuma a idonsa take wuni.

Da ya nemi wuƙar ya rasa, ya farke katifa, ya farfasa kwanukan da ke cikin kabad, ya zura dogon kara a masai. Ya zane Mama da bel ɗinsa na soja har ƙarfen ya fasa mata gira. Ita dai maganarta ɗaya ce, ba ta gani ba. Ko'ina ya duba ban da motarsa.

Bayan kamar kwana goma ƙarar ta soma. In ya hau kwalta yana gudu, shiru. Da zarar ya shigo hanyoyin unguwa da ruwa ya cinye, ya rage gudu zai faɗa rami, sai ƙwal. Ya fito daga ramin, ƙwal. Baba mutum ne da ba ya jure abin da ya kasa ba wa oda. Ƙarar nan ta shiga kansa, yana cin abinci yana zaginta.

Akwai wani tsohon bakanike a gindin mangwaro kusa da layin dogo, siririn dattijo mai farin gemu, Malam muke ce masa. Ni ke kai wa Baba abinci can in motar tana wurinsa, shi ya sa na ga yadda yake aiki. Ba ya gaggawa. Sai ya ɗaga motar da jak, ya kama taya sama da ƙasa ya jijjiga, ya kama ta gefe da gefe ya sake jijjigawa, kansa a karkace yana sauraro. Ya sauke ta, ya danna kusurwar motar da dukan nauyinsa ya saki, ya ga sau nawa za ta yi rawa. Ya bubbuga salansa, bututun hayaƙin motar, da dunƙulen hannu. Wani lokaci ya dafa bakin dogon sukundireba a jikin ƙarfe, ya kara ƙotar a kunne kamar likita.

“Kofur, ƙarar mota ƙarya gare ta,” in ji shi. “Sai a haife ta a baya, ta bi ƙarfe ta fito maka a gaba. Bari in duba bayan.”

“Ni da nake zaune a ciki ban sani ba, sai kai? A gaba take, ƙarƙashin ƙafata. Yi abin da na sa ka.”

Malam ya canza robobin ƙafar gaba. Ƙara ba ta tafi ba. Ya canza shokazoba, mai rage wa mota girgiza. Tana nan.

Karo na uku ranar Asabar ce da safe, an kwana ana ruwa, ƙasa tana warin baƙin mai da laka. Malam ya ce hanya ɗaya ta rage, a samu mai kunne ya kwanta a baya, a ja motar a hankali. Baba ya waiwayo ya dube ni. Ya ɗaga ni da hannu ɗaya ya jefa a bodi.

Na kwanta rub da ciki, na manna kunnena na hagu a ƙarfe mai sanyi. Ɓawon doya da tsakuwa suna sukar kumatuna. Baba ya ja motar cikin ramukan bayan garejin, Malam yana bin mu a ƙafa. Rami na farko, ƙwal, daidai ƙarƙashin haƙarƙarina. Rami na biyu na ji abin ya zame kafin ya buga, dogon abu ne, ƙarfe a kan ƙarfe, da ɗan laushi a gefe ɗaya kamar akwai tsumma. Nan take na gane. Wuƙar ce: robar ta tsinke, ɗankwalin ya warware. Fitsari ya kusa kufce mini.

Baba ya tsaya, ya fito. “Ina ne?”

Na ce, “Ban ji komai ba, Baba.”

Marin da ya yi mini ban ji zafinsa da farko ba. Wani siririn kuka na ji kamar na sauro a cikin kaina, sai wani abu mai ɗumi ya gangaro daga kunnena na hagu zuwa wuyana. Na ga bakin Malam yana motsi kafin maganar ta iso ni ta ɗaya kunnen.

“Haba Kofur, yarinya ce fa. Ni za ka tuhuma, ba ita ba.”

“To kai ɗin.”

Ya naushe shi a baki. Tsohon ya faɗa kan kaskon baƙin mai, hularsa ta yi gefe. Baba ya taka masa wuyan hannun dama da takalmi, ya sunkuya iya yadda cinyarsa ta bari, ya ɗauki sufanar taya. Masu sayar da shayi da masu faci duk sun miƙe tsaye, amma daga nesa.

“Hannun da ya kasa gano ƙara ɗaya sati uku, me amfaninsa? Yau zan hutar da kai.”

Malam bai roƙe shi ba. Ya dai runtse ido, yatsunsa a cikin laka. Da yatsun nan yake ci, da su yake alwala. Na san in na yi magana wuƙa za ta koma hannun Baba, naɗe cikin ɗankwalin da duk Makera ta san na wace ce. Na san kuma in na yi shiru zan ji ƙarar ƙashi. Har yau ban san ko zaɓa na yi ba, ko bakina ne ya buɗe da kansa.

“Na ji, Baba. A baya ne. Wajen safaya.”

Ya ɗage ƙafarsa. Da yake ba ya iya durƙuso, sai ya shuri tsohon a haƙarƙari ya ce ya shiga. Malam ya jawo buhun da yake kwanciya a kai, ya shimfiɗa, ya zame ƙarƙashin motar. Na diro na tsugunna a gefen taya, ina ganinsa. Ya miƙa hannu saman safaya, sai hannun ya tsaya. Ya jawo abin a hankali. Ƙotar wuƙar ta fito, sannan ɗankwalin, da zanen gicciye a jikinsa. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya juyo da fuska ya dube ni, jini yana bin gemunsa. Ban san abin da ya gani a fuskata ba.

Ya ɗaga gefen buhun ya tura su ciki, ya kwanta a kai. Ya ɗauki sufana ya yi ta ƙwanƙwasa wani noti, yana nishi kamar mai aiki mai wuya. Da ya fito, a naɗe ya jawo buhun, ya jefa shi cikin tarin tsummokaransa.

“Laifina ne, Kofur. Ƙarfen da ke riƙe safaya ne ya saki, tayar tana dukan bodi. Na ɗaure.”

Baba ya shiga ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kansa a waje ta taga. Shiru. Ya dawo yana dariya, dariya ta gaske, irin wadda muke daɗewa ba mu ji ba.

“Ashe 'yata ta fi ka iya aikin, tsoho.”

Malam ya tofar da jini da guntun haƙori. Ya ce, “Ta fi ni, Kofur.”

A hanyar gida Baba ya tsaya ya saya mini burodi. Na riƙe shi a cinya, jinin kunnena yana bushewa a wuyan rigata.

Bayan kwana uku zan wuce ta layin dogo, Malam ya yafito ni. Leɓensa a kumbure. Ya ba ni ƙunshi a cikin takardar siminti, ya ce, “Kai wa mamanki, jikata. Ki ce iska ce ta kawo shi.” Ɗankwalin ne, an wanke, an ninke. Mama ta karɓa ta zauna a bakin gado da shi a hannu. Wuƙar kuwa ba mu sake jin labarinta ba, sai wata rana na ga Malam yana kankare kan inji da wani guntun ƙarfe mara tsini, mai ƙotar da na sani.

Kada ku ɗauka Baba ya canza. Ya ci gaba da hannu da bel har ƙarfinsa ya ƙare. Amma an haifi ƙanena lafiya, kuma Mama tana nan da ranta, da tabonta a hannu. Jiniyar masaƙa ta yi shiru yanzu, an sare mangwaron, shaguna ne a wurin. Malam ya rasu ban taɓa yi masa godiya ba, don a lokacin ban san da wane baki zan yi ba.

Mijina tela ne, mutum mai sanyi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Duk da haka in na ji babur ɗinsa ya shigo layi a hankali, sai na tarar na riga na miƙe na ɗauke yaro daga tsakar ɗaki. Yakan yi dariya ya ce rami kawai yake kauce wa. Kunnen hagun bai sake ji ba tun ranar. Shi ya sa kullum a dama nake kwantar da yaron, kusa da kunnen da ya rage mini, ina bin numfashinsa ɗaya bayan ɗaya.