Zaren da Ke Narkewa a Kafaɗar Baba Tela

Shekara talatin da takwas Baba Tela ya yi a shagonsa mai ƙofa ɗaya, tsakanin keken ɗinki da wani madubi da ya tsage a gefe. Mutum ne mai haƙuri da kowa, ban da ruɓaɓɓen zare. Kafin ya saya sai ya naɗa shi a yatsu ya fizga. In ya tsinke, ya miƙa wa mai shi abinsa.

Wata safiya ya miƙa hannu zai sauko da bandir ɗin yadi daga saman kanta, sai ya ji ɗas a kafaɗarsa ta dama. Jijiya ce ta yage. Hannun da ke riƙe almakashi ya koma ko kofi ba ya iya ɗagawa.

Likitar ƙashi, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta ce akwai sabon aiki da suke gwadawa, in ya yarda. Za a ɗebi ƙwayoyin halitta daga ɓargonsa, irin waɗanda jiki ke gyara kansa da su, a ɗora su a jikin zare, a ɗinke jijiyar. Zaren ne zai kai su har cikin raunin.

"Yaushe za a cire zaren?"

"Ba a cirewa, Baba. Narkewa yake yi."

Ranar aikin ya zo da nasa baƙin zaren a aljihu, irin na ɗinkin tamfol, ya miƙa mata.

"'Yata, ki taimaka ki yi da wannan."

Ta ce ta gode da tsaraba, amma da nata za ta yi.

Aiki ya yi kyau. Baba Tela ne bai yi kyau ba. Da aka cire masa majanyar rataye hannu aka ce ya fara motsa shi, sai ya koma gida ya ɗaure hannun a ƙirji da ragowar yadi. Tari ma a hankali yake yi. Atishawa kuwa, sai ya yi salati tukuna. In ya zauna shiru, ji yake kamar zaren na narkewa, ɗinki na buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Da ya koma asibiti, likita ta daina murmushi.

"Baba, in ba ka motsa shi ba, kafaɗar za ta sandare. Ba za ka ƙara riƙe almakashi ba."

In ya motsa ya ɓalle, in ya bari ya sandare. Ya dawo gida gumi na tsatstsafo masa.

Matarsa ta je shago ta ɗauko rigar da ya bari kafin ciwon. Al'adarsa ce ya fara kama yadi da dogon ɗinkin farin zare da hannu, ya bi da keke, sannan ya zare farin. Wannan rigar ya bi ta da keke, bai kai ga zarewa ba.

Ta kama bakin farin zaren ta ja a gabansa, ya fito zururu. Ta girgiza rigar da ƙarfi.

"Malam, ta ɓalle?"

"Yaya za ta ɓalle? Ai wannan riƙo ne kawai. Ɗinkin gaske yana ƙasa."

"To, ashe ka sani. Zaren likita ma riƙo ne kawai."

Ya dubi rigar. Sannan ya ce ta kwance masa yadin da ya ɗaure hannun da shi. Ya runtse ido, ya ɗaga hannun kamar taƙi ɗaya, yana jiran ya ji ɗas. Shiru. Ya ƙara taƙi, haƙoransa na haɗuwa.

"Rabin raina yana hannunki," ya ce. "In kin ji ƙara, ki kira likita."

"Ƙarar da nake ji ta gwiwoyinka ce, Malam. Ɗaga."

Ya ɗaga.